Cikin da Aka Ce Ya Kwanta

Ni na raka Hauwa'u asibiti ranar da aka yi mata hoton ciki, saboda haka abin da zan faɗa ba labari aka ba ni ba. Matar ƙanin mijina ce. Mijinta Sharhabil ya rasu a hatsarin mota a hanyar Zariya, ya bar ta da ƙaramin ciki, sai surukarmu Hajiya Turai ta ce a gabanta za a yi takaba, a gidanmu na Unguwar Kanawa. Shekarar yarinyar ashirin da uku. Bayan sadakar arba'in da 'yan kwanaki ta fara ganin ɗigon jini, shi ne Hajiya ta yarda da ƙyar in kai ta wani ƙaramin asibiti a Badarawa.

Likitar ta daɗe tana yawo da na'urar a kan cikinta, tana kallon allo. 

"Sai haƙuri," in ji likitar. "Babu bugun zuciya. Ya kai mako biyu da tsayawa. Sai an cire shi cikin kwanakin nan, kada ya jawo miki wata cutar. Ƙaramin aiki ne, ko kwana ba lallai ki yi ba."

Hauwa'u ba ta yi kuka ba. Hijabinta kawai ta ja ta rufe cikin, ta ce, "To."

A teburin waje wata nas ta miƙo mana takarda ta ce a kai wa maigidan ya sa hannu. Na ce ai ya rasu. Ta ɗaga kai ta dubi Hauwa'u, ta ce, "Allah ya jiƙansa. To ku samo namiji babba daga danginsa. Mu nan ba ma son a yi aiki, gobe dangi su zo mana da rigima." Na ninke takardar na sa a jaka. A raina na ce abu ya zo da sauƙi, tun da babban namijin gidan mijina ne, a ɗakina yake kwana.

Mun tarar da Hajiya a tsakar gida tana tsince shinkafa. Na durƙusa na faɗa mata abin da likita ta ce, ina tauna kalmomin don kada su yi mata nauyi. Ta ajiye farantin.

"Wa ya ce ya mutu? Ƙarfe?"

"Hajiya, likita ce ta duba."

"Likitar nawa take? Ciki ne ya kwanta. Yarinya ta ga gawar mijinta, ta firgita, ba dole ya kwanta ba? Ƙanwar mahaifiyata shekara uku cikinta yana kwance, ranar da Allah ya tashe shi ta haifi Sambo. Ga shi can kasuwar Kawo yana sayar da taya, da jikokinsa. Da ƙarfenku aka bi, da tuni an kwashe shi an zubar a bola." Hawaye ya zubo mata. "Abin da Sharhabil ya bar mini ke nan a duniya. Babu mai taɓa mini jika."

Ban ga laifin hawayenta ba. Uwa ce da ta binne autanta. Na ce a raina bari babban ɗanta ya dawo, shi da ya yi karatu.

Mijina Maliki ma'aikacin gwamnati ne, kuma a wannan shekarar shi ne sakataren wata ƙungiya da ta ɗauko wani babban aiki. Ana zagayen jin ra'ayin jama'a kan gyaran tsarin mulki, su kuma suna so a ƙara wani sashe da zai ce ɗan adam ya zama mutum a gaban doka tun daga ranar da aka ɗauki cikinsa. Shi aka zaɓa ya karanta takardar ƙungiyar a gaban kwamitin jin ra'ayin, ranar wata Alhamis, saura kwana goma sha shida. Ni ce mai buga masa, domin aikina ke nan a ofis, buga takardu. Na buga ta ya fi sau goma, yana cire wannan kalma yana mayar da waccan, har na haddace ta kamar karatun allo. Ban taɓa ganin aibun maganar ba. Mutumin da ya tsaya wa wanda ba shi da baki, ai abin alfahari ne, haka nake gani.

Da ya ci abinci na ajiye masa takardar asibiti kusa da tasa. Ya karanta har ƙasa, ya cire tabarau ya murza idanu.

"Hajiya ta sani?"

"Ta sani. Ta ce kwanciya ya yi."

"To kin gani. Sadiya, ba a yi wa tsohuwa haka da zafi-zafi. A bari ta huce, ni zan lallaɓa ta."

"Abban Sadiq, likita ta ce cikin kwanakin nan."

"Likitoci kullum cikin kwanakin nan suke cewa."

Ya tura takardar ƙarƙashin littattafansa, ya ce in duba shafi na uku na tasa takardar, akwai waƙafi da na manta.

Kwana biyu bayan haka Hajiya ta aika aka kira Asabe, wata tsohuwa mai maganin mata da ke Abakpa. Ta zo da ƙunshi uku: saiwar da za a jiƙa a sha, garin da za a turara, da wani baƙin haɗi da za a riƙa matsawa safe da yamma. Ta shafa cikin Hauwa'u da tafin hannu, ta kasa kunne kamar mai sauraron tukunya, ta ce, "Yana nan daram. Barci yake, ja'iri. Kwana bakwai zai motsa." Hajiya ta yi dariya, karo na farko tun rasuwar.

Na bi Hauwa'u ɗaki na ce ta sha na sha in ya zama dole, amma kada ta kuskura ta matsa wannan abin. Ta sunkuyar da kai.

"Anti, Hajiya ce ke tsayawa a ƙofar banɗaki sai na yi." Sannan ta ce, "Kuma idan gaskiya ne fa? Jiya da na kwanta na ji kamar wani abu ya ɗan juya."

Me zan ce mata? Yarinyar da ta rasa miji, an ce mata ɗansa ma ya tafi, sai ga wata ta zo ta ce yana nan. Ko ni ce zan so in yarda. Na ce Allah ya sa, na fita. Wannan "Allah ya sa" ɗin har yau yana ci mini rai.

Kwana bakwai na Asabe suka cika, babu abin da ya motsa. Hauwa'u ta daina cin tuwo, sai koko, kokon ma rabin kofi. Marar ta fara ciwo. Da yamma jikinta yakan yi ɗumi, da safe ya sauka. Hajiya ta ce alamar tashi ce, ai ciki ba ya tashi a banza sai ya girgiza uwar. Asabe ta dawo ta ƙara yawan matsin.

Na sake tuntuɓar Maliki, ya ce yana jiran wani abokinsa likita ya dawo daga Abuja, a sake dubawa, domin na'ura tana kuskure. Na tambaye shi sunan likitan, ya ce ban san shi ba. Da na matsa washegari, sai ya ce mai takaba ba ta yawon asibitoci, ya kamata a tambayi malamai tukuna. Ni na tambaya. Malam Ila na makarantar Islamiyyarmu ko littafi bai buɗe ba, ya ce lalura tana fitar da mai takaba, kuma abin da ya riga ya mutu a ciki cire shi wajibi ne idan zai cutar da uwar. Na kawo wa Maliki wannan amsa da zafinta. Ya ce Malam Ila mutumin kirki ne, amma ba fanninsa ba ne.

Ran kwana na goma Hauwa'u ta yi abin da ban zaci za ta iya ba. Ta fito tana dafa bango, ta durƙusa gaban Hajiya, ina wanke-wanke ina jinsu.

"Hajiya, don Allah a mayar da ni asibiti. Jikina ba daidai yake ba. Wani ruwa nake gani mai wari."

Hajiya ta dube ta tun daga sama har ƙasa.

"Na san lissafin da kike yi. An gaya miki mai ciki da zarar cikin ya fita, takabarta ta ƙare, ko? Kin gaji da zaman ɗana. Ko wata biyu bai yi a ƙasa ba, kina so a kwashe miki abin da ya bari, ki sa jan baki ki fita."

"Wallahi Hajiya ban taɓa..."

"To in ba haka ba ne, koma ɗaki ki yi haƙuri kamar kowace mace."

Ta koma. Daga ranar ba ta ƙara cewa asibiti ba, ko a gabana. In na tambaye ta jiki sai ta ce da sauƙi. An ɗaure mata baki da abin da ya fi igiya ƙarfi, domin duk kukan da za ta yi yanzu, shaida ce a kanta cewa miji take nema. Mahaifiyarta tana can wani ƙauye bayan Birnin Gwari, hanyar ba ta biyuwa yadda ake so, sai dai waya. In ta kira, Hajiya ce ke karɓa, ta ce, "Lafiya lau, laulayi ne kawai, ai 'yarki 'yata ce." Matar ta yi ta godiya, tana sa albarka.

Ni kuma fa? Kullum da safe in yi wanka, in shafa hoda, in tafi ofis in buga takardun mutane. In dawo in leƙa ta, in ce sannu, in kai mata ruwan zafi. Na iya kiran mahaifiyarta a ɓoye, lambar tana cikin wayata. Ban kira ba. Ina tsoron a ce na shiga tsakanin uwa da ɗa, ina tsoron aurena na shekara goma sha huɗu, ina ta gaya wa kaina cewa Maliki zai sa hannu gobe.

Ranar Lahadi, saura kwana huɗu taron, na shiga ɗakinta da hantsi na ji warin tun daga bakin ƙofa. An turara ɗakin, amma turaren bai rufe komai ba. Tana kwance ta naɗe kamar jaririya, leɓɓanta sun bushe sun tsage. Na fito kai tsaye na sami Maliki a falo yana gwada karatunsa a tsaye, yana ɗaga hannu inda ya ja layi.

Na rufe ƙofa na ce, "Abban Sadiq, ka dube ni. Kai ka yarda cikin nan kwanciya ya yi?"

Ya ajiye takardar. 

"Ke ma kin san ban yarda ba."

"Ka san ya mutu?"

"Na sani tun ranar da kika kawo takardar."

Sai da na nemi kujera na zauna. Da ya ce mini ya yarda da Asabe, da na fi samun sauƙi.

"To me kake jira?"

"Sadiya, ki yi tunani. Ranar Alhamis zan tsaya gaban jama'a, da 'yan jarida, in ce ciki mutum ne. Akwai waɗanda ke jiran mu yi tuntuɓe. A ce a makon nan, a gidana, da sa hannuna, an kwashe ciki? Wa zai tsaya ya tambaya ko matacce ne ko rayayye? Kafin azahar an watsa a waya cewa sakatare ya zubar da cikin matar ƙaninsa. Aikin shekara biyu ya rushe. Ba don kaina nake yi ba, don dubban 'ya'yan da ba a haifa ba ne."

"Ita fa da aka haifa?"

"Kada ki mayar da ni azzalumi. Kwana huɗu ne. A wuce Alhamis, ranar Juma'a da kaina zan sa ta a mota, ko Hajiya ta so ko ta ƙi. Ki ba ta maganin zazzaɓi kafin nan."

"Ka shiga ka gan ta."

"Matar ƙanina ce, tana takaba. Bai dace in shiga mata ɗaki ba."

Ya ɗauki takardarsa. Ina fita na ji ya ci gaba daga inda ya tsaya, muryarsa ko rawa ba ta yi.

Na sayo maganin zazzaɓin. Wannan ma na yi, kada in ɓoye. Litinin da Talata ina ba ta, zafin ya sauka awa biyu ya dawo da ƙarfinsa. Laraba ta fara rawar sanyi har gadon yana ƙara, alhali ana zafin da ke zuwa kafin hadari. Hajiya ta lulluɓe ta da barguna biyu, ta zauna a gefenta tana jan carbi, tana shafa cikin tana cewa, "Tashi mana, Sharhabil ƙarami, ka wahalar da uwarka haka." Ta riga ta raɗa masa suna. Tsakani da Allah tana son abin da ke cikin nan, so mai tsanani. Matar da ke ɗauke da shi ce ba ta gani, kamar yadda ba a ganin kwano in ana kallon abinci.

Alhamis da safe Maliki ya fito cikin farar babbar riga, ya sha guga, ya durƙusa Hajiya ta dafa kansa ta yi masa addu'a. Abokansa biyu suka zo da mota suka ɗauke shi. Ya wuce ta ƙofar ɗakin Hauwa'u bai ko rage tafiya ba.

Na shirya zan tafi ofis, na ce bari in leƙa. Na same ta ta ture bargunan, idanunta a buɗe suna kallon rufi. Na kira sunanta. Ta juyo ta yi mini murmushi, ta ce, "Inna, kin zo? Hanya ta yi kyau?"

Ba ta gane ni ba. Na taɓa hannunta na ji shi da sanyi, goshinta kuwa kamar murfin tukunya. Zanin da ke ƙarƙashinta ya jiƙe.

Ban san lokacin da na fita titi ba takalmi na tare mai Keke Napep ba. Na dawo na ɗaga ta, ashe ba ta da nauyin komai. Muna kaiwa zaure na tarar da Hajiya ta tsaya a ƙofa, ta baza hannuwa.

"Ina za ki kai mini ita?"

"Asibiti, Hajiya."

"Da izinin wa? Mai gidan ba ya nan."

"Hajiya, ki matsa."

"Ni kike cewa in matsa? A gidana? Wallahi in kika fita da ita aka taɓa cikin nan, ban yafe ba, kuma ki nemi gidan da za ki koma."

Shekara goma sha huɗu ban taɓa haɗa ido da matar nan ba. Ranar na dube ta na ce, "In ta mutu a ɗakin nan, da bakina zan gaya wa uwarta abin da aka yi mata, tun daga Asabe har matsi. In ya so a sake ni." Hauwa'u ta zame daga kafaɗata, kanta ya bugi bango. Ina jin ƙarar ce ta sa Hajiya ta sauke hannu ɗaya. Ta nan na bi.

Babban asibiti na ce a kai mu. Suna ganinta suka ɗora ta a gado mai taya, aka sa mata ƙarin ruwa hannu biyu. Wani likita mai furfura ya duba ta, ya karanta takardar hoton da na ɗauko, ya dubi kwanan watan, ya dube ni.

"Kwana goma sha shida? Me kuka sa mata?"

Na faɗa masa. Bai yi mini faɗa ba, da ya yi da na ji daɗi. Ya ce ƙwayar cuta ta shiga mahaifa ta wuce cikin jini, sai tiyata yanzu-yanzu, kuma ba ya alkawarin abin da zai tarar. Aka kawo takardar sa hannu. Na fara kiran Maliki, wayar a kashe. Na sake, a kashe. Na ce, "Likita, yayan mijinta yana wurin taro, don Allah ku jira in je in ɗauko shi."

"Me za a yi da shi?"

"Sa hannu."

"Shekararta nawa?"

"Ashirin da uku."

"To ai babbar mace ce. Jikinta ne. In tana cikin hayyacinta ita za ta sa, in ba ta ciki mu ceci ranta, doka ta ba mu. Tun ranar farko hannunta ya isa. Wa ya ce muku sai namiji?"

Na tsaya da waya a hannu kamar an dasa ni. Ni mai buga takardu, ni da na haddace shafi bakwai a kan wane ne mutum a gaban doka, ban san wannan ba. Ruwan da aka ƙara mata ya ɗan dawo da ita. Likitan ya sunkuya ya yi mata bayani a hankali, har da cewa mai yiwuwa sai an cire mahaifar. Ban tabbata ta ji wannan ɓangaren ba. Ta karɓi biro, ta rubuta sunanta a karkace, harafi ɗaya-ɗaya.

Awa uku da rabi ina zaune a benci. Da likitan ya fito ya ce tana raye. Sannan ya ce mahaifar ta riga ta lalace, sun yi iya ƙoƙarinsu, dole suka cire ta gaba ɗaya. Ya ce da a makon farko ne, aikin minti ashirin ne.

Maliki ya iso bayan la'asar, da katin taro rataye a wuyansa, abokansa na biye. Sai a mota ya ga kiran da na yi, ya kira na gaya masa inda muke. An tafa masa sosai, in ji ɗayansu, har shugaban kwamiti ya nemi a ba shi kwafi. Na faɗa masa abin da likita ya ce. Ya yi salati, ya dafe kai, ya ce, "Allah ya ƙaddara." Sannan ya tambayi nas inda aka ajiye abin da aka ciro.

Aka ba shi a ɗan ƙunshi. Ya aika aka sayo farin yadi, aka naɗe. Liman ya ce ba a yi wa irin wannan salla, amma duk da haka mutum goma sha ɗaya suka raka shi maƙabarta kafin magariba, motoci uku. Wani daga cikinsu ya ce wannan shi ne aiki da abin da ake faɗa, sakatare ya nuna misali. Hajiya kuma ta zauna a gida tana karɓar gaisuwa, mata suna shigowa suna yi mata ta'aziyyar jika.

Ban hana kowa kukan abin da ya rasa ba. Ɗan Sharhabil ne, ni ma na so in goya shi. Amma ina so wanda ya san doka ya gaya mini, a wane shafi aka rubuta cewa wanda ya mutu yana da mako biyu na jira, mai rai kuma ba ta da kwana ɗaya? Mutum uku muka kashe wa yarinyar nan haihuwa. Ɗaya ta yi da so, ɗaya ya yi da lissafin sunansa, ni kuma na yi da shiru, kuma ban ga wanda ya fi wani hannu mai tsabta ba.

Juma'a da hantsi Maliki ya kira ni a waya, bai zo ba. Ya ce Hajiya ta ce tun da cikin ya fita, takaba ta ƙare, babu dalilin da za ta dawo gidan. An haɗa kayanta, za a kira danginta su ɗauke ta daga asibiti. Ya ce kuma maganar mahaifar, gara ni in faɗa mata, mace da mace ya fi sauƙi.

Na koma ɗakin da aka kwantar da Hauwa'u. Ta farka sosai, an jingina ta da filo, robar ruwa na ɗiga. Ta gane ni.

"Anti, an cire shi?"

"An cire."

"Namiji ne?"

"Namiji."

Ta rufe ido, hawaye ya gangaro ta gefen kunnenta. "An binne shi?"

"Jiya. Yayanku da mutanensa, su goma sha ɗaya."

"Allah sarki. Sun kyauta." Ta buɗe ido ta dubi ƙofa, ta dubi bencin da ke waje, babu kowa a kai sai jakata. "Ni wa ya zo dubawa?"

"Ni ce dai."

Ta gyaɗa kai kamar dama ta sani. Ta kai hannu a hankali ta taɓa bandejin da ya ratsa mararta, ta bi shi da yatsa daga wannan gefe zuwa wancan, sai na ga goshinta ya tattare.

"Anti, waccan likitar ta ce ƙaramin aiki ne. Me ya sa suka yanka ni haka?"

Na jawo kujera kusa da gadon, na riƙe hannunta biyu don kada ta fizge robar, na faɗa mata.